Gudun Kwamfuta da Rarar da Aka Bar Mata

Mutum zai je kasuwa ya sayi RAM, a jikin kwalinta an rubuta 3600 da manyan lambobi. Ya koma gida ya soka ta a kwamfuta, ya kunna, ya duba, sai ya tarar tana gudu a kan 2133 ko 2400. Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne an cuce shi, an haɗa shi da jabu. Da yawa sun koma shago rai a ɓace saboda wannan, alhali mai shagon bai yi musu laifin komai ba. Haka kayan suke fitowa daga masana'anta, kuma da gangan aka yi su haka.

In ka ɗauki sandar RAM wadda ba a lulluɓe ta da ƙarfen ado ba, ka ƙura mata ido, ban da manyan baƙaƙen guntayen da aka jera a jikinta za ka hangi wani ɗan mitsitsi shi kaɗai. SPD ake ce masa. A cikinsa aka rubuta bayanin sandar: girmanta, yawan wutar da take sha, da gudun da aka tabbatar za ta yi a duk kwamfutar da aka sa ta. Wannan gudu ba kamfani ɗaya ne ya yanke shi ba. Akwai ƙungiyar JEDEC, inda masu ƙera irin waɗannan kaya suke haɗuwa su tsayar da ƙa'ida guda. A samfurin RAM na DDR4 gudun da aka fi tashi da shi 2133 ne a kan wuta bolt 1.2, a DDR5 kuwa 4800 a kan bolt 1.1.

Da zarar ka danna maɓallin kunnawa, tun Windows ba ta san gari ya waye ba, wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin madabod ce ke fara farkawa. Ita ce BIOS. Sabon samfurinta UEFI ne sunansa, amma har yau bakin masu gyara bai saki tsohon sunan ba. Ita ke duba abin da aka soka, ta karanta SPD, ta zaɓi gudun da ba ta shakkarsa, sannan ta miƙa wa Windows ragama. Ba ta san ko ɗakinka yana da sanyi ba, ba ta san ingancin akwatin wutarka ba, ba ta san irin aikin da za ka ɗora mata ba. Saboda haka take bin hanyar lafiya.

Lambar kwalin fa? Tana nan cikin SPD ɗin, amma a shafi na biyu, sai wanda ya nema ake buɗe masa. Intel ce ta fito da wannan tsari a 2007 ta sa masa suna XMP. AMD ta yi nata a 2022 mai suna EXPO, wasu madabod na ASUS kuma DOCP suke rubutawa. Lokacin da kwamfuta ke tashi ka danna Del ko F2, ka shiga BIOS, ka nemo wannan layi, ka kunna shi, ka danna F10 ka ajiye. RAM ta haye 3600, wutarta ta tashi daga 1.2 zuwa 1.35. Aikin bai kai minti biyu ba. Abin da kwalin ba ya faɗa da ƙarfi shi ne wannan ma tsallake ƙa'ida ne. Kamfanin RAM ya gwada sandarsa a wurinsa ta yi wannan gudu, amma bai yi alkawarin furosesarka da madabod ɗinka za su ɗauka ba, domin sashen da ke magana da RAM a cikin furosesa yake. Yawancin lokaci lafiya lau ake rabuwa, kuma ni ina ba duk wanda ya biya kuɗin RAM mai gudu shawarar ya kunna shi. Sai dai ya sani ya taka wani wuri da dole a gwada ƙasarsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan harka shi ne tazarar da ke tsakanin abin da na'ura za ta iya da abin da aka sa ta yi. Furosesa ba ɗaya-ɗaya ake yin ta ba. Da yawa ake buga su a kan faifan silikon guda mai faɗin milimita 300, sannan a yayyanka. Zane ɗaya ne, inji ɗaya ne, amma ba sa fitowa daidai. Wata za ta yi gudu sosai da wuta kaɗan, wata sai an ƙara mata wuta kafin ta kai inda 'yar'uwarta ta kai. Kamfani ya gwada su ya ware, masu kyau ya ba su suna mai tsada, na bayansu suna mai sauƙi. Ko a cikin masu suna ɗaya bambancin bai ƙare ba. To gudun da za a buga a jikin kwali dole ya zama wanda mafi raunin cikinsu za ta iya, a ɗaki mafi zafi, bayan shekaru, lokacin da ƙura ta toshe fanka, man da aka shafa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe, wutar da ke shigowa kuma tana hawa tana sauka. Duk wannan lissafin aka yi kafin a tsayar da lamba. Shi ya sa sabuwar furosesa a ɗaki mai sanyi take da ƙarfin da ba a taɓa ba.

Telan da ya san aikinsa, in zai ɗinka wa yaro kayan Sallah, yakan bar 'yar rara a naɗe cikin ɗinki, a ƙafar wando da gefen riga. Wanda bai sani ba zai ce an ɓarnatar da yadi. Sai shekara ta zagayo, yaro ya yi tsawo, a warware naɗin, kayan su sake shiga. Rarar furosesa ma ta ranar da ba ta zo ba ce, ranar zafi da ranar tsufa.

Abin da masu sana'ar ke kira obakulokin shi ne cin wannan rara tun yau. Lissafinsa ba wuya. Madabod yana da bugun tushe, a injinan yanzu sau miliyan 100 a daƙiƙa, wato 100 MHz. Furosesa tana ninka shi da wata lamba. In lambar 36 ce, gudu ya zama 3.6 GHz. Ka shiga BIOS ka mai da ita 45, ka sami 4.5 GHz ba tare da ka ƙara ko kwabo ba. Intel tana buɗe wannan lamba ne a furosesoshin da sunansu ya ƙare da K, tare da madabod masu harafin Z. AMD kuwa tun da ta fito da Ryzen a 2017 ta bar yawancinsu a buɗe.

Harkar tana da tarihi mai daɗin ji. A 1998 Intel ta fitar da wata furosesa mai araha, Celeron 300A, mai gudun 300 MHz: bugun tushe 66, ninki huɗu da rabi. Mutane suka gano in aka ɗaga bugun zuwa 100, sai ta koma 450, ta yi kafaɗa da kafaɗa da Pentium II 450, wadda kuɗinta ya ninka nata fiye da sau uku. A lokacin ne kamfanin Abit ya yi suna, domin madabod ɗinsa sun ba mutum damar canza waɗannan lambobi daga cikin BIOS, maimakon ya buɗe akwati yana matsar da 'yan maƙalai da yatsa. A 2000 AMD ta kulle lambar ninkin Athlon da Duron ta hanyar yanke wasu 'yan siraran gadoji a saman furosesar. Sai matasa suka ɗauko fensir na makaranta suka goga a kan yankan, tunda bakin fensir yana ɗaukar wuta, gadojin suka sake haɗuwa, kullen ya buɗe. A 2011 Core i5-2500K ta zo da 3.3 GHz, kuma mutane da yawa suka riƙa tafiyar da ita a 4.5 shekara da shekaru.

Ban ga laifin waɗannan mutane ba, jinjina ma nake musu. Wani lokaci rarar da kamfani ya bari ba ta tsoron zafi ba ce, ta kasuwa ce. Idan masana'anta ta ƙware har yawancin abin da take fitarwa ya zama mai kyau, amma kasuwa tana neman mai araha, sai a ɗauki mai kyau a rage mata gudu a sayar da sunan ƙarama. Ɗalibin da ya gano haka ya buɗe ta bai saci komai ba, abin da ya saya ne ya mora. Don haka ba cewa nake kada a taɓa ba. Tambayar da ya kamata mutum ya yi kafin ya taɓa ita ce, wannan rarar da zan ci, don me aka bar ta, kuma wa zai biya in ranar bukatarta ta zo?

Biyan farko da wuta ake yin sa. Ƙarin gudu kaɗan yakan samu a kan wutar da ake da ita, amma daga wani mataki sai an ƙara bolt, in ba haka ba furosesa ta fara kuskure. Kuma wutar da take ci ba daidai da bolt take hawa ba, bolt sau kansa ake lissafawa, sannan a ninka da gudu. Ɗauki misali: ka ɗaga bolt daga 1.20 zuwa 1.35 domin ka sami ƙarin gudu kashi 10 cikin ɗari. Wutar da za ta ci za ta ƙaru da wajen kashi 40. Duk wannan wuta zafi take komawa, a wani fili da bai kai faɗin farcen babban yatsa biyu ba. Furosesoshin yanzu suna da iyaka, wajen digiri 95 zuwa 100. Da sun kai nan sai su rage gudu da kansu don kada su ƙone. Sau da yawa mutum zai sa 5 GHz a BIOS yana murna, aiki mai nauyi na farawa na'urar ta yi zafi ta sauko ƙasa da inda take kafin ya taɓa ta. Garin neman ƙiba an samo rama.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Yawancin masu nuna saitinsu a YouTube a ɗakin da bai wuce digiri 22 ko 25 ba suke gwaji. Wanda ke Kano ko Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu, iskar da fankarsa ke zuƙa ta haura 40, kuma kusan duk digirin da ɗaki ya ƙara, furosesa ma sai ta ƙara shi. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ta yi kauri a tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya. Ma'ana, wani kaso na rarar da kamfani ya bari, yanayinmu ya riga ya cinye shi tun ba mu shiga BIOS ba. Wanda ya kwafo lambobin wani daga ƙasa mai sanyi ya zuba a injinsa ya yi kuskure biyu: furosesarsa ba ta wancan ba ce ko da sunansu ɗaya, ɗakinsa ma ba na wancan ba ne.

Amma zafi abokin gaba ne mai gaskiya, yana nuna kansa. Fanka za ta yi ihu, akwati zai yi ɗumi, manhajar awo za ta nuna lamba. Haka ma in ka wuce gona da iri har kwamfuta ta ƙi tashi: fankoki na juyawa, allo baƙi ƙirin, gaban mai ita na faɗuwa. Wannan abin tsoro ne a ido, amma maganinsa sauƙi gare shi. Ka zare wuta, ka buɗe akwati, ka nemo ɗan zagayayyen batirin nan mai lamba CR2032, ka cire shi na 'yan mintoci ka mayar, BIOS ta manta duk abin da ka gaya mata ta koma saitin masana'anta. A DDR5 ma sau da yawa baƙin allon ba matsala ba ce, madabod ne yake gwada RAM a sabon gudu, yakan ɗauki mintoci, haƙuri kawai yake so. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kuskuren da ba ya magana.

Na ga irinsa a shagon wani mai gyara. Wani matashi mai haɗa bidiyon biki ya shigo rungume da akwatin kwamfutarsa. Ya ce abin ya ishe shi: ya gama aiki, ya fitar da fim, sai a tsakiya hoto ya yi zane-zane kore, ko fayil ya ƙi buɗewa gaba ɗaya, amarya da danginta kuma suna ta kira. Ya sake Windows, ya canza hadis mai ajiye fayiloli, ya sayi manhajar kashe bairos, abin bai daina ba. Mai gyaran ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Malam, akwai wanda ya taɓa maka BIOS?" Ya ce wani abokinsa ne ya ƙara masa gudu, amma ai ta tashi lafiya, wata da watanni yana aiki da ita. Mai gyaran ya juya ga yaronsa ya ce ya miƙo filash ɗin da ke cikin durowa. Aka tashi kwamfutar daga MemTest86, manhajar da ke rubuta lambobi a kowane lungu na RAM ta dawo ta karanta ta ga ko abin da ta ajiye shi ta tarar. Lambobi suka yi ta gudu a allo shiru. Matashin har ya fara cewa ai ka gani, ƙalau take. Can da injin ya ɗauki zafi sai jan layi ya fito, wani ya biyo shi. Yaron ya ce, "Oga, ga su nan sun fara." Mai gyaran ya sa yatsa a kan layin ya nuna wa matashin: nan an ajiye wannan lamba, nan ga wadda ta dawo, bambancin ɗigo ɗaya ne tak. Aka mai da RAM gudun da ya dace da ita, aka bar gwajin ya kwana, da safe babu ja ko ɗaya. Fina-finan da suka riga suka lalace kuwa sai da ya sake su daga farko.

Dalilin da ya sa zafi ya tona abin shi ne RAM tana riƙe bayani ne a matsayin ɗigon caji da ke tsiyayewa, sai an riƙa sabunta shi a kai a kai, a DDR4 kowane milisakan 64. Zafi yana sa ya tsiyaye da wuri. RAM ta gida kuma ba ta da hanyar gane cewa ɗigo ya juye a hanya. Manyan kwamfutocin bankuna da kamfanoni wata iri suke amfani da ita mai suna ECC, wadda ke kama irin wannan kuskure ta gyara, kuma ba wanda ke ƙara musu gudu. Kwamfutar da ta tashi ba lalle ne tana da lafiya ba. Za ta iya buɗe Windows, ta kunna waƙa, ta shiga intanet, tana kuma juya lamba ɗaya a cikin lissafin kuɗinka ba tare da ta ce uffan ba. Kuma laifin kullum kan wani yake faɗawa, yau a zargi hadis, gobe a zargi manhaja.

Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar suke da ladabin da na ga ya cancanci koyi. Abu ɗaya suke canzawa a lokaci guda. Su ɗaga ninki da mataki ɗaya, su gwada, su rubuta a littafi: lamba kaza, bolt kaza, zafi kaza, ta ci ko ta faɗi. Wanda ya canza abu biyar tare, in matsala ta zo bai san wanne zai kama ba. Wajen gwada furosesa sukan yi amfani da Prime95, manhajar da George Woltman ya rubuta domin wani aikin neman manyan lambobin lissafi da ya kafa a 1996. Tana ɗora wa furosesa lissafi mafi nauyi, tana kuma bin sawun amsar, da ta ga kuskure sai ta tsaya ta faɗa. Awa da awanni ake barinta. Sannan, wannan shi ne abin da masu gaggawa ba sa yi, in sun gano iyakar inda na'urar ke tsayawa da ƙafarta, ba a nan suke barinta ba, sukan ja da baya mataki ɗaya ko biyu. Wato bayan sun ci rarar kamfani, sai su bar tasu.

Game da RAM akwai wani ɗan lissafi da ke kare aljihu. Babbar lamba ba ita kaɗai ba ce. Kusa da ita akwai CL, wato bugu nawa RAM ke jira kafin ta amsa. 3200 mai CL16, da 3600 mai CL18, da 6000 mai CL30, duk jinkirin amsarsu ɗaya ne, nanosakan 10, yawan kayan da suke kwasowa a daƙiƙa ne ya bambanta. In manhajar CPU-Z ta nuna maka 1600 alhali ka sa 3200, kada ka damu, RAM tana aika bayani sau biyu a kowane bugu. Sanda biyu a rami na biyu da na huɗu sun fi sanda ɗaya babba, sanda huɗu kuma sun fi wahalar ɗauka a babban gudu.

Yanzu ga abin da ya sa maganar ta wuce ta masu sha'awa. Tun wajen 2004, lokacin da Intel ta fasa fitar da Pentium 4 mai 4 GHz saboda zafi, ƙarin gudu ya daina zuwa a sauƙaƙe. A 2008 ta fito da Turbo Boost, inda furosesa ke ƙara wa kanta gudu in ta ga akwai sarari. Sannu a hankali kamfanonin da kansu suka shiga cin rarar da a da suke bari, domin kowa yana son lambarsa ta zo a sama a teburin gwaji. Masu yin madabod ma suka shiga gasar. Furosesar da Intel ta ce iyakarta wat 253, wasu madabod sun riƙa zuwa daga kwali da iyakar wat 4096, wanda daidai yake da babu iyaka.

Sakamakon ya fito fili. A watan Afrilun 2023 aka fara ganin wasu Ryzen 7000X3D sun kumbura sun ƙone, har da mazauninsu a madabod. Aka gano wutar da ake ba wani sashe nasu ta yi yawa, musamman in an kunna babban gudun RAM, sai AMD ta sa aka kulle ta a bolt 1.3. A 2024 kuma manyan furosesoshin Intel na zubi na 13 da na 14 suka riƙa faɗuwa a tsakiyar gem da aiki, saƙon da ke fitowa a allo ma sau da yawa katin hoto yake zargi. A watan Yuli Intel ta amince cewa umarnin da ke cikin furosesar yana neman wuta fiye da kima. Ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS a Agusta da Satumba, ta ƙara shekara biyu a kan garanti. Amma gyaran yana hana lalacewa ne nan gaba, wadda ta riga ta ci wuta ta raunana ba ta dawowa, sai canji. Wuta mai yawa da zafi suna cin siraran hanyoyin cikin silikon a hankali, gudun da ta yi bara da bolt kaza, bana sai an ƙara mata.

Abin da ya dame ni a wannan labari shi ne yawancin mutanen da abin ya shafa ba su taɓa BIOS ba. Sun sayi kaya, sun haɗa, sun kunna. Wani ne can ya ci rararsu a madadinsu don sunansa ya fito, su kuma suka kwana da asarar. Nakan ga irin wannan a tsakaninmu fiye da yadda nake so. Maigida ya ga yaronsa ya iya aikin awa goma sha biyu ranar da kaya suka yi yawa, sai ya mai da wannan ma'aunin kullum. Mai mota ya ga direba ya je ya dawo ba barci sau ɗaya lafiya, sai ya ce ashe ana iyawa. Iyaye su cika wa yaro rana tun asuba har dare ba inda zai numfasa, tunda bai yi ƙorafi ba. Ba a ganin ɓarnar a ranar farko, domin mutum ma yakan tashi ya yi aiki alhali ba lafiya yake ba. Sai daga baya lissafi ya fara kuɓuce masa, fushi ya yi masa kusa, hawan jini ya shigo, a ce halinsa ne ya canza. Na san akwai waɗanda talauci ya riga ya cinye musu kowace rara, ba su da zaɓi, kuma ba da su nake ba. Da mai iko a kan gudun wani nake. Abin da mutum ya iya a ranar da ya fi ƙarfi ba shi ne abin da za a ɗora masa kullum ba, kuma hutun da ka ga kamar ɓata lokaci ne, shi ke ɗauke da shi ranar da rashin lafiya ko wata larura ta faɗo.

Masu gasar obakulokin sun san wannan bambanci sarai. A 2011 an kai AMD FX-8150 gudun 8.429 GHz, a Disamban 2022 kuma aka tsallake 9 GHz da Core i9-13900K. Amma da ruwan hiliyom aka yi, mai sanyin kusan digiri 269 ƙasa da sifili, ana zuba shi a kan furosesar, na ɗan lokacin da zai isa a ɗauki shaida. Ba wanda ya ce zai yi aikin ofis da ita washegari. Wasa ne, kuma sun kira shi wasa. A gefe guda, abin da ƙwararru da yawa suka koma yi yanzu kishiyar na da ne: su shiga BIOS su rage bolt kaɗan, a Ryzen ta hanyar Curve Optimizer. Furosesa ta yi sanyi, fanka ta yi shiru, kuma tunda ba ta kai iyakar zafi ba sai ta daɗe a babban gudunta. Shi ma sai an gwada shi kamar yadda ake gwada ƙari, domin wutar da ta yi kaɗan tana jawo kuskure. Ga mai zama a ƙasa mai zafi, mai aiki da sola ko janareta, wannan ya fi masa amfani nesa ba kusa ba.

Yawancin kwamfutocin da ke hannun mutanenmu tokumbo ne na ofis, Dell da HP da Lenovo, kuma BIOS ɗinsu ba shi da waɗannan ƙofofi, an rufe su tun daga kamfani. Mai irin wannan kada ya ɓata lokaci yana neman hanyar fasa kulle. In yana son ta ƙara sauri, ya buɗe ta ya busa ƙurar, ya goge tsohon man furosesa ya shafa sabo, ya ƙara sandar RAM ta biyu daidai da ta farko, ya cire tsohon hadis mai juyawa ya sa SSD. Wanda kuma yake da Intel na zubi na 13 ko na 14, ko Ryzen 7000, ya duba ko BIOS ɗinsa yana da gyaran da aka fitar. Sai dai kada ya fara sabuntawa sai kwamfutar tana kan UPS ko inbata mai cikakken caji, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta BIOS, madabod na iya ƙin tashi gaba ɗaya, kuma cire batir ba ya maganin wannan.